Yadda Sha-Yanzu Ya Gyara Amfilifayar Baba

Mijin yayata, wanda duk layinmu ke kira Sha-Yanzu, bai taɓa ganin abin da ya lalace ya wuce shi ba. Sana'arsa sayar da caja da rigar waya ce a wata 'yar rumfa bakin titi, amma in ka ji yana zuba sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama. Ko me ka nuna masa, fanka ce ta tsaya ko famfo ne ke yoyo, kafin ka rufe baki zai ce, "Wannan? Ai sha yanzu magani yanzu ne." Nan sunan ya samo asali. Mutumin kirki ne, wannan kam ba na musu, ga kyauta ga fara'a, kuma yana riƙe da yayata da mutunci. Hannunsa ne kawai Allah bai sa wa albarka ba.

Babanmu tsohon direba ne. A duk abin da ya mallaka babu wanda yake ji da shi kamar wata tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti, mai gidan katako da fuskar azurfa, wadda ke zaune a falo tsakanin sifikoki biyu masu tsawon ƙugun mutum, da na'urar faifai a samanta. Tun yana saurayi suka saye ta tare da kwandastansa, amininsa, wanda muke kira Kawu. Ni auta ce, na girma har na fara aiki, amma ban taɓa murɗa ko maɓalli ɗaya a jikinta ba. Inna kaɗai ke da izinin goge ta, ita ma da tsumma na musamman.

Sai ga saƙo cewa Kawu zai zo. Sun daɗe rabonsu da juna, kuma a tsakanin nan idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Baba ya yi murna, daga baya kuma ya tsaya yana kallon amfilifayar.

"Mutumin da ba ya gani, me zan nuna masa?" in ji Baba. "Ba zai ga gidan ba, ba zai ga jikokina ba. Abu ɗaya ya rage mini, in sa masa faifan da muke ji muna samari. Ga shi kuma sifikar hagu ta mutu, duk sautin ta dama yake fitowa. Gobe zan kai ta kasuwa a duba."

Tsautsayi ya sa Sha-Yanzu ya zo gaisuwa a ranar. Yana durƙushe a bakin ƙofa, amma na ga kunnuwansa sun miƙe.

"Kasuwa, Baba? Ina raye? Ai mutanen can sai su zare muku kayan asali su sa na jabu. Ku bar mini ita. Wannan sha yanzu magani yanzu ne."

Inna ta leƙo daga kicin ta ce, "Ni dai da za a ji tawa..."

"Inna, ku huta," ya tare ta da ladabi. "Aikin wuta ne, ba a sa mata a ciki."

Inna ta dube shi, ta dubi Baba, ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ta koma wajen tukunyarta. Baba kuwa kunyar suruki ta hana shi cewa a'a.

Na ce, "Mijin Yaya, ba za ka kunna ta ka ji abin da ke damunta ba tukuna?"

Ya yi mini irin dariyar da ake yi wa wanda ya tambayi ko ruwa na jiƙa. "Auta ke nan. Likitan da ke tambayar mara lafiya ina ne ke ciwo, ai ɗalibi ne. Gwani buɗewa yake yi ya gani da idonsa."

Washegari ya rufe rumfarsa ya tare a gidanmu. Bai yarda ya yi aikin a ɗaki ba, wai babu haske. Gaskiyar magana, a ɗaki babu 'yan kallo. Ya fitar da teburin cin abinci ƙofar gida, tsakanin shagon mai aski da na tela, ya jera sukundireba da filaya da ƙarfen narka dalma da ya aro, ya ɗora wani tabarau a karan hanci wanda ni na san ba na ciwon ido ba ne. Ya kwance kusoshin ya zuba a kofin shayin Baba. Ya ɗaga murfin, ya ja numfashi ya hura ciki iya ƙarfinsa. Ƙurar shekara da shekaru ta taso ta wanke masa fuska, ya yi ta atishawa har tabarau ya faɗi.

Mai aski ya fito da almakashi a hannu. "Injiniya, lafiya? Ko ita ce ta fara gyara ka?"

"Kai dai tsaya ga gashi. Wannan matakin farko ne."

Ya leƙa ciki ya daɗe yana kaɗa kai, yana cewa "na gane, na gane." Sannan ya miƙa yatsa ya taɓa wani babban gwangwani da ke tsaye a tsakiya, don ya nuna wa tela inda cutar take. Ashe irin waɗannan gwangwanayen suna riƙe wuta ko an zare filogi. Sai muka ji tas! Sha-Yanzu ya yi tsalle da baya, kujera ta kife, takalminsa ɗaya ya tashi ya faɗa kwata.

Tela ya ce, "Subhanallahi! Ta ja ka?"

Ya tashi yana yarfe hannu, idanunsa sun kawo ruwa, amma ya yi ta maza. "Ja kuma? Gaisawa muka yi. Ina so in ji ko tana da sauran ƙarfi. Tana da shi."

"Mu ma mun ga alama," in ji mai aski.

A nan ya bayyana mana dabararsa, da murya mai ƙarfi don masu wucewa su amfana. Ya ce amfilifaya gida biyu ce, ɓangaren dama da ɓangaren hagu, kuma duk abin da ke wannan akwai ɗan'uwansa a wancan. Tunda dama lafiyayye ne, sai a riƙa ciro kayansa ɗaya bayan ɗaya ana dasa wa hagu, har a kai ga wanda ya mutu. Na ji daga baya cewa masu gyara na gaske ma suna yin haka, sai dai su sukan sa alama, kuma sukan kunna su saurara bayan kowane canji. Sha-Yanzu ba ya sa alama, wai kansa ne alama. Sauraro kuwa ya riga ya ce na ɗalibai ne.

Haka ya yini yana narka dalma yana cirowa yana dasawa. Abin da ya ciro daga hagu sai ya jefa a kwanon Inna. Dalma ta ɗiga masa a cinya, ya yi wata rawa da ban san ya iya ba. Ta ɗiga a kan teburin, ta bar tabon da har yau Inna ke rufewa da faranti. Can da yamma ya ga dama ya zama kango, sai ya juya ga kwanon don ya cike guraben, ya tarar duk kayan kamarsu ɗaya, 'yan ƙanana masu zane-zane a jiki. Ya zaɓa bisa ga kyau.

"Wannan ya fi kama da na nan," yake cewa.

Na ce, "To waɗannan da suka rage a kwano fa?"

"Kitse ne. Turawan da suka ƙera ta sun cika mata kaya don a ce ta yi nauyi. Ni rage mata nake yi ta samu numfashi."

Da ya sa filogi a soket, sai wani ɗan ƙara, fis ya ƙone. Ya shiga shagon tela ya roƙi fis ɗin dutsen gugarsa, wai na minti kaɗan. Shi ma ya ƙone. Ya zare na rediyon mai aski tun mai shi yana cewa "tsaya, tsaya." Shi ma ya bi 'yan'uwansa. Mai hankali da ya ga haka zai gane fis ɗin yana hana ɓarna ne. Sha-Yanzu ya yanke hukuncin cewa fis ɗin zamani ne ba su da juriya. Ya samo takardar azurfa ta kwalin sigari, ya naɗe ta ya cusa a gurbin, ya ce, "Bari mu ga wanda zai ƙona wannan."

Ya danna. Fankar falonmu ta tsaya, keken tela ya tsaya, injin mai aski ya yi shiru. Mita ɗaya muke sha da shagunan nan biyu. Sai ga wani bawan Allah ya fito daga shagon aski da tsumma a wuya, rabin kansa fes, rabi kuma daji.

"Wane ne ya kashe wuta? Ɗaurin aure zan je, ana jirana!"

Mai aski ya nuna Sha-Yanzu da tsinin almakashi. "Ga injiniya nan, tambaye shi."

"Malam, ka yi haƙuri, gwaji ne," in ji Sha-Yanzu. "Kuma wallahi askin ya yi maka kyau a haka, samari ma yanzu nema suke yi."

Da ƙyar tela ya shiga tsakani. Mutumin ya tafi da hular aro, yana waiwaye yana faɗar maganganun da ba zan maimaita ba. Tela ya dawo yana cewa, "Ka dai yi a hankali, kada garin neman gira a rasa ido."

Na samu Yaya na ce ta ja wa mijinta kunne tun ba a makara ba. Ta ce, "Ke Auta, kin cika sa ido. Jiya da bakinsa ya ce mini saura ƙiris." Na ce ai da bakinsa yake yin komai. Ta jefe ni da matashi, amma na lura ranar ta ɓoye dutsen gugarta a ƙarƙashin gado.

Baba kuwa kullum sai ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi cikin amfilifayarsa a buɗe, ya dubi kwanon da ke ƙara cika, ya ce, "Ana samun ci gaba?"

"Sosai, Baba. Mun kama cutar, yanzu korar ta muke yi."

Baba sai ya koma ciki. Tausayinsa ya kama ni, don na san ba ya barci da kyau, kuma na san ba zai iya buɗe baki ya ce wa suruki ya isa haka ba.

Ranar da Kawu zai iso, Sha-Yanzu ya mayar da murfin. Kusoshin ba su isa ba, don wata kaza ta yi kiwo a kofin shayin, sai ya ɗaure gefe ɗaya da wayar ƙarfe ya juya wajen zuwa bango. Da ya tsaya nan da da sauƙi. Amma ya bi layi gida-gida yana cewa a zo a ji abin da hannu ke iya yi. Ya sa aka fito da sifikokin tsakar gida, aka jera kujeru, ya ci ado da farar riga, ya soke sukundireba a aljihun gaba kamar alƙalami. Mai aski da tela suka rufe shago suka zo da wuri suka kama gaba, wai ba za su yarda a ba su labari ba.

Kawu ya iso bayan la'asar, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya, "Direba! Ina kake, tsohon banza?"

"Ga ni nan, Kwandasta, mai cinye canjin fasinja!"

Suka rungume juna suna dariya suna share ido. Bayan an gaisa an sha ruwa, Baba ya kama hannunsa ya ɗora a kan amfilifayar. Kawu ya shafa katakon a hankali, ya shafa maɓallan ɗaya-ɗaya, fuskarsa ta yi haske. Da yatsunsa suka kai ga wayar ƙarfen sai ya tsaya, ya sunkuya ya shinshina.

"Direba, wa ya yi wa yarinyar nan aika-aika? Ƙauri take yi."

Sha-Yanzu ya matso ya durƙusa. "Ni ne, Kawu, surukin gidan. Ƙamshin sabon aiki ne."

"To, Allah ya sa."

Aka zaunar da tsofaffin biyu a gaba, sifika ɗaya a hagunsu ɗaya a damansu. Baba da kansa ya zaro faifan daga rigarsa, ya hure shi, ya ɗora, ya sauke allura. Sha-Yanzu ya yi wa jama'a ɗan jawabi a kan illar kai kaya kasuwa, sannan ya danna maɓalli.

Da farko gurnani muka ji, irin na tsohon firji. Daga ƙarƙashin gurnanin sai wata murya ta taso, siririya, tana rawa, kamar mai mura yana waƙa a cikin rijiya. Amma dai waƙa ce. Sha-Yanzu ya juyo ya buɗe hannuwa yana jiran tafi.

Baba ya karkata kai ya saurara, fuskarsa ta faɗi. "Ka ji ko? Har yanzu ta dama ce kaɗai ke yi. Ta hagu shiru."

Kawu ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce ta hagu ba ta yi."

"Direba, ta hagun ce kaɗai ke magana. Ta dama ko tari ba ta yi ba."

Na tashi na kara kunne a sifikar dama. Shiru kamar akwatin kaya. Na je ta hagu, ga waƙa nan tana fita da ƙyar. Na ce, "Baba, gaskiyar Kawu ce." Mai aski ya zo ya gwada, tela ma ya gwada, kowa ya ce haka ne. Baba ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mun haɗa baki.

Sai Inna ta ajiye tiren da ke hannunta, ta zagayo ta damansa, ta ce, "Malam, amfilifayarka da ma lafiyarta ƙalau, kafin a taɓa ta duka sifikokin biyu suna yi, kullum ina jin su daga kicin. Kunnenka na hagu ne ya tafi. Na faɗa maka ya fi a ƙirga."

"Yaushe kika faɗa mini?"

"Kullum. To amma ta hagunka nake zama."

Sai tela ya fashe da dariya har yana dukan cinya, sauran suka bi. Mai aski ya ce, "Wato lafiyayya aka kwantar aka yi wa fiɗa!"

Ko ni na ɗauka a nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina! Sha-Yanzu ya gyara wuyan riga ya ce, "To, alhamdulillahi, kun ga amfanin aikina. Da ban kashe ɓangaren dama ba, yaushe za a gano cutar a kunnen Baba take? Wannan shi ake kira bincike. Yanzu abin da ya rage a ƙara sauti yadda kunnen zai buɗe. Sha yanzu..."

Yaya ta yi ihu, "Kar ka taɓa!"

Ya riga ya murɗa har ƙarshe. Gurnanin ya zama ruri, kofuna suka hau rawa a kan tire, kajin gidan suka watse. Sai wani ƙara, fau! Takardar sifikar hagu ta tsage, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙo ta ramukan murfin, wutar gidan ta ɗauke. Faifan ya yi juyi ɗaya a hankali ya tsaya. Sha-Yanzu yana tsaye da maɓallin sauti a hannunsa, ya fizge shi bai sani ba, farar rigarsa ta zama ta makanike.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba ya tashi ya ɗora tafin hannu a kan katakon, ya bar shi a nan duk da zafi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, kuma ni ma sai da na ji hawaye. Sha-Yanzu ya buɗe baki, karo na farko a tarihi babu abin da ya fito. Ya durƙusa a gaban Baba ya ajiye maɓallin a ƙasa, kansa a sunkuye.

Baba ya ce a hankali, "Kwandasta, ka yi doguwar tafiya. Abu ɗaya na tanadar maka, shi ma ga shi nan."

Kawu ya juya ya ce wa 'yarsa, "Ke, ɗaga ni. Wane kunnen ne mai aiki?"

"Na dama," in ji Inna.

Aka ja kujerar Kawu zuwa hannun daman Baba. Ya laluba ya kamo hannun Baba ya zaunar da shi, ya gyara murya, ya kama waƙar daga daidai inda faifan ya tsaya. Muryar ta tsufa, tana karyewa a sama, kuma rabin baitocin ya manta, yana cike gurbin da "la-la-la." Baba ya daure, ya daure, can sai ya ce, "Ba haka ba ne, kai har yanzu ba ka iya wajen nan ba," ya karɓe. Suka yi ta yi su biyu, ɗaya ba ido ɗaya ba kunne, suna gyara wa juna suna musu, tela yana kiɗa da murfin kwano, har suka kai ƙarshe suka sake ɗaukowa daga farko.

Baba bai taɓa yi wa Sha-Yanzu faɗa a kan maganar ba, ko kalma ɗaya. Amfilifayar ta koma mazauninta a falo, Inna na goge ta kamar da. Sha-Yanzu kuwa bayan ɗan lokaci bakinsa ya dawo daidai, har ya fara bayanin yadda ake wanke kunne da man keke. Yana zuwa gaisuwa kamar kullum, Baba kuma yana tarbarsa da fara'a, ya nuna masa kujerar da ya sa aka ajiye masa ta musamman.

"Zauna nan, ɗana, ta haguna. Ba ni labari."